Ɗigon Shuɗi a Jikin Buta

Tun ina saurayi nake zanen allunan shaguna. Duk kan mutum da ka gani a ƙofar mai aski a layinmu ni na zana shi, shi ya sa dukkansu suke kama da ƙanina. Kifin da ke bangon mai kifi ma nawa ne, ko da yake yara sun dage takalmi ne. Mai Fenti ake ce mini, kuma sunan bai taɓa ɓata mini rai ba. Abin da ya tsaya mini a rai ɗaya ne: matata ba ta taɓa cewa aikina ya yi kyau ba. In na nuna mata, sai ta ce, "Sannu da aiki," ta ci gaba da harkarta. Sannu da aiki kuwa ko mai faskare ana yi masa.

Da injin buga allo ya shigo, aiki ya ja baya, lokaci ya yi mini yawa. Sai na ƙudura zan yi zanen da zai sa ta tsaya ta duba. Na taɓa ganin irinsa a kalandar wani kanti: kyandir yana ci, haskensa kwance a jikin kwanuka. Na ɗauki butar shayinta mai ƙyalli, da lemu biyu, da kyandir, na shige sito. Ni da kaji tare muke kwanciya, don haka da rana tsaka zan yi aikin. Na kafa ƙusa, na rataya bargo a ƙofa, na kunna kyandir alhali ga wutar lantarki.

"Malam, lafiya?" in ji ta daga waje.

"Fasaha ce," na ce.

"To, in fasahar ta gama da butata a maido mini."

Ashe kyandir ba ya jiran mai zane. Kafin in daidaita harshen wutar ya gajarce, in goge in sake, ya ƙara gajarcewa. Bargon kuma ya yi ta zamewa daga ƙusa, rana ta faɗo, iska ta kaɗa wutar. Daga baya ya daina faɗuwa, na yaba wa kaina da iya kafa ƙusa. Lemu ɗaya ya yamutse, ɗayan na shanye shi don haushi.

Butar ce ta fi ba ni wuya. Duk abin da ke ɗakin yana jikinta, a lanƙwashe. Da na matsa kusa sai ga ni a tsakiya, hanci ya cinye rabin fuska, kunnuwa sun gudu baya. Na shafe kaina da baƙin fenti ba tare da shawara da kowa ba. A gefe, wajen hannun butar, akwai wani dogon ɗigo shuɗi da kullum nake gani. Na ce bargo ne, na zana shi yadda yake. Bargon ruwan ƙasa ne, amma hankalina bai kai nan ba.

Ranar da na gama na fito da katakon da na yi zanen a kai tsakar gida. Ta goge hannu ta zo. Ba ta kalli harshen wutar da na kusa makancewa a kansa ba. Ta sunkuya, ta daɗe, sannan ta kai yatsa kusa da ɗigon nan.

"Wannan zanen da nake ɗaurawa ne, mai shuɗin nan," ta ce. Muryarta ta yi ƙasa. "Ashe kana ganina. Na zaci ba ka san ina riƙe maka bargon ba. Hannuna har sanyi yake yi."

Kunya ta rufe ni, daɗi kuma ya cika ni, na rasa wanda zan fara ji. Na buɗe baki in ce bargo na zata, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Na rufe bakina, kuma a duk rayuwata ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba.

Har yau ba ta ce zanen ya yi kyau ba. Ta dai cire agogon falo ta rataya shi a wurin. In baƙuwa ta tambaya ko me aka zana, ba ta ambaton kyandir, ba ta ambaton buta.

"Matso kusa," take cewa. "Ni ce nan."