Saniyar da Ta Daina Tuƙa

Mijina ya rasu ya bar mini saniya guda, fara mai ɗigon baƙi a wuya. Wajen wani Bafulatani ya saye ta a bayan Kwandere, ya kafa mata turke a gindin mangwaron da ke tsakar gidanmu a nan Lafiya. Shi ke ba ta harawa da dusa, shi ke wanke mata mazubin ruwa. Ni nawa kallo ne daga bakin madafa.

Ran sadakar arba'in gida ya cika, kashegari ya watse. 'Yata ta koma ɗakinta a Keffi, ɗana ya koma bakin aikinsa a Abuja. Aka bar ni da takaba, da tabarmin aro, da abinci. Shinkafa ta kusa cika baho, ga malmalar tuwon masara har ta fara tsami. Na miƙa wa maƙwabta ta katanga har suka ce ya isa. Wuta babu, firij ya zama kabad. Ni kuwa an raine ni a kan cewa zubar da abinci saɓo ne. Na dubi saniyar, na ga tun rasuwar ba wanda ya kula da ita sosai, har ƙashin kwankwasonta ya fito. Na jawo bahon na ajiye mata. Ta cinye tas ina tsaye ina jin daɗi, har ina ce mata, "Ci, baiwar Allah, ke ma an yi miki rashi."

Washegari ta ƙi harawa. Gefenta na hagu ya kumbura, zawo ya biyo baya, mai warin tsami. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ta daina tuƙa. A kwanakin nan in na idar da la'asar nakan zauna a kan sallaya da carbi, ba motsin kowa a gidan sai na muƙamuƙinta. Ranar bakin ya tsaya cak, sai yawu da ke zuba.

Mai takaba ba ta yawo. Na leƙa katanga na kira maƙwabciyata, wata Eggon mai suyar garin rogo, wadda muka yi shekara ashirin muna aron turmi da gishiri. Ta shigo ta dubi saniyar, ta dubi bahon, ta tambaye ni da irin tata Hausar.

"Hajiya, me ka ba shi?"

Na faɗa mata. Ta riƙe haɓa ta ce, "Saniya kuma da jalof? Saura minaral." Na so in yi dariya, kuka ya riga ta. Ta fita ta dawo da wani dattijo a kan babur, likitan dabbobi ne da suke coci ɗaya.

Ya yi mini gaisuwar rashi, ya kara kunne a cikin saniyar ya daɗe yana saurare. Sannan ya ce, "Hajiya, ciki ya yi shiru. Kin yi sakandare?"

Na ce na yi.

"To kin tuna an ce saniya ba ta iya narkar da ciyawa da kanta?"

Na tuna zanen ciki mai ɗaki huɗu a allo, amma bayaninsa ya tafi. Ya ce a cikin tumbi akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ba su ƙirguwa. Su ke fitar da wani sinadari da ke warware zaren ciyawa da kara, saniya ta samu abin da jikinta zai sha. Shinkafa da tuwo da yawa a lokaci ɗaya kan sa tumbi ya yi tsami, tsamin ya kashe masu cin ciyawar. "Ma'aikatan ne suka mutu," in ji shi. "Ko kin ba ta harawa, ba mai sarrafa ta. In ba a zuba sabbi ba, tana iya tafiya."

Ya ɗura mata ruwan kanwa, ya yi mata allura. Ya ce gobe da sassafe a je kwata, in an feɗe lafiyayyar saniya a ɗebo abin da ke cikin tumbinta da ɗuminsa, a rufe kada iska ta shiga, a kawo da sauri.

Maƙwabciyata ta ce ita za ta je. Da muka rasa abin da zai riƙe ɗumi, na ɗauko kular da nake zuba wa mijina abinci. Ta karɓa ta juya ta a hannu ta ce, "Alhaji ya yafe mana." Ta dawo tana toshe hanci, wai mahauta sun tambaye ta ko miya za ta yi. Muka tace koren ruwan da tsohon ɗankwali, likitan ya zuba a kwalba ya ɗura wa saniyar a hankali. Kwana biyu aka yi ana haka.

Tsakanin zuwansu ni kaɗai ce da ita. Nakan tsaya in shafa wuyanta ina istigfari. Ina ta tunanin ikon Allah, dabba mai wannan girma ashe rayuwarta na hannun abin da bai kai ƙwayar ƙura ba. Ina kuma tunanin mijina, shekara biyu yana auna mata dusa da kwano ɗaya ba ya ƙarawa, ban taɓa tambayarsa dalili ba.

A rana ta uku bayan la'asar na ga wani abu ya taso ta maƙogwaronta. Ta ɗan tsaya, sai muƙamuƙin ya fara juyawa, a hankali, kamar mai koyo. Na yi hamdala na nufi katanga, aka ce maƙwabciyata ta tafi kasuwar Assakio. Na kira ɗana, wayar ta yi ta ƙara bai ɗauka ba. Sai na koma rumfa na ɗebo harawa runguma ɗaya, na kakkaɓe mata ƙasa, na zuba mata. Ta sunkuya ta ja.