Gwiwoyin Malam Iro Kafinta

Duk wanda ya san Malam Iro Kafinta a Badarawa ya san ba ya zama a kujera. Shekara arba'in da ɗoriya yana ƙera ta yana sayarwa a shagonsa na Unguwar Kanawa, amma ban taɓa ganin ya ɗora mazaunansa a kan ko ɗaya ba. In hira ce ya tsuguna, in abinci ne ya tanƙwashe ƙafa a tabarma. Wani mai saye ya taɓa roƙonsa ya hau ya gwada masa ƙarfin wadda zai ɗauka, sai Iro ya ce, "Kai da za ka zauna kai za ka gwada. Ni nake yin ta, na san abin da take yi wa mutum." Kuma mutumin ya saya.

Ni ne Sule Tela, maƙwabcinsa, katanga ɗaya ta raba mu. Shi Bakano, ni Bazazzagi, don haka ko gaisuwa ba ma yi sai da tsiya a ciki. Tunda ya riga mu gidan gaskiya bari in faɗa muku abin da na daɗe ina ɓoyewa. Ban taɓa yi masa hassadar dukiya ba, don ba shi da ita. Gwiwoyinsa nake ƙyashi. Mutumin nan ya girme ni da shekara huɗu, amma zumbur yake miƙewa daga tsugunno kamar ɗan akuya, ni kuwa in zan tashi sai na yi shawara da bango tukuna.

Nawa laifin na san shi. Shekara talatin ina dafe a kan keken ɗinki, ga balangu kullum da yamma, ga tumbin da ya biyo baya. Gwiwar dama ta fara, ta hagu ta ga ba za a bar ta a baya ba. In damina ta kankama sai in tashi da safe su sandare, in na taka ana jin ƙas-ƙas daga zaure. Duk wannan na jure. Abin da ya karya min zuciya shi ne ranar da na kasa yin sujada, na koma sallah a zaune can ƙarshen sahu tare da dattijan da suka haife ni. Iro kuwa yana sahun farko, yana sauka yana tashi kamar ba jikin ɗan Adam gare shi ba. Allah ya yafe min, sau da yawa a cikin sallar gwiwoyinsa nake kallo.

Kujerar sallar ma shi na sa ya yi min. Ya kawo ta 'yar tsukut, ba majingina, katakon ko gogewar kirki bai samu ba. Na ce wannan wane irin mugun aiki ne. Ya ce da gangan ya yi, kada ta yi min daɗi in zauna a kai har abada.

A gida ma ban tsira ba. Duk sanda na yi nishi zan tashi, sai Hajiya matata ta ce ita dai ba ta taɓa jin irin wannan ƙara ta tsallako katanga daga gidan Malam Iro ba. Na ce mata ai shi jikinsa duk ƙashi ne da jijiya, ina ciwo zai samu wurin zama? Ta ce to ni ma in rage masa wurin zaman mana.

Ba abin da ban gwada ba. Man zafi har sai da ɗakina ya koma warin kemis. Wanzami ya yi min ƙaho. Na sayi maganin masu talla a mota da lasifika, wanda kwalba ɗaya ke maganin sanyin ƙashi da basir da mantuwa, na kwana biyu ina zarya bayan gida da gwiwar da ba ta son tsugunno. Ƙwayar rage zafi kuwa na sha har cikina ya fara ƙuna. Daga ƙarshe na je wurin likitan ƙashi. Ya ce guringuntsin gwiwar ne ya goge, in rage ƙiba, in riƙa tafiya a hankali kullum, in gasa da ruwan ɗumi, in sassauta wa ƙwayar nan don tana cin ciki da ƙoda. Na fito ina tsaki. Mutum ya yi karatu shekara da shekaru, wai abin da zai ce min shi ne in yi yawo!

Ni dai zuciyata ta riga ta ba ni Iro yana da wani sirri. Akwai wani tsohon galan da yake ajiyewa a ƙarƙashin bencin aikinsa, kowace safiya ya tsiyaya a kofi ya sha. Na daɗe ina zagaye-zagaye, ran nan dai na ajiye girman kai na tambaye shi. Ya dubi hagu ya dubi dama, ya rage murya, ya ce na kakansa ne, kuma ba ya ba Zagezagi, amma saboda maƙwabtaka zai duba. Sai dai kun san maganin gargajiya da sharaɗi. Nasa guda uku ne: ba a fita da shi daga shagon, ba a zuwa shansa a kan abin hawa, kuma ba ya shiri da balangu.

Na ce, "Daga Badarawa har Unguwar Kanawa a ƙasa? Da waɗannan ƙafafun?"

Ya ce, "Magani ne, Sule, ba ni na tsara ba. In ka hau Napep ya karye."

Haka na fara. Makon farko sai na huta sau biyar a hanya, shi yana gaba yana waiwayowa yana tambaya ko a kira min motar asibiti. Sau ɗaya na yi dabara na hau Napep, na sauka nesa da shagon na ƙarasa ina haki na ƙarya. Ya dubi takalmina kawai ya mayar da galan ƙarƙashin benci. Wata huɗu ina wannan zarya. Wandunana suka fara yi min yawa, sandarewar safe ta ragu. Ciwon bai tafi ba, har yau yana nan, amma ya koyi ladabi. Na bi majalisa ina yabon maganin kakan Iro, har mutane suka fara yi min kamun ƙafa.

Sai wata safiya ya riga ni fita, na iske shi a bayan shago yana haɗa sirrin. Tsamiya ce da citta da ruwan famfo. Cikin haushi na ce wannan ai Hajiya tana yi min shi a gida.

Ya ce, "To ka sha nata mana. Amma nata daga ɗaki zuwa tsakar gida ne. Taku nawa ke nan?"

Sati biyu ban yi masa magana ba. Da na koma wurin likita ina ba shi labarin cutar da aka yi min, dariya ya yi har da hawaye, ya ce ai abin da ya gaya min ke nan, sai dai shi ba shi da galan. Amma ya ƙara da cewa gwiwa irin ta Iro akwai gado da rabo a ciki, ba ƙin kujera kaɗai ba, kuma kada in kuskura in ce zan yi tsugunnonsa. Wannan na ɗauka da gudu na kai wa Iro, na ce ashe ba wayonsa ba ne. Ya ce to ko a gado ma Kano ta fi Zariya. Washegari na ci gaba da bin sa, ba don tsamiya ba.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Wajen wata na bakwai, ina nafila a zaurena kafin azahar, na dafa ƙasa na sauka a hankali, goshina ya taɓa tabarma. Na daɗe a wurin ina kuka. Amma da muka fita masallaci na koma kan kujerata, don ba zan iya jure bakin Iro ba in ya ji ya ci nasara. Na ce sai na ja masa rai tukuna. Kullum in yi sujadata a ɓoye, in fito ina ɗingishi, shi kuma ya tambaye ni ya jiki, in ce da sauƙi dai kaɗan.

Ina cikin ja masa ran zazzaɓi ya kwantar da shi ranar Talata, Alhamis da hantsi ya cika. Ya tafi da gwiwoyinsa garau, ko ƙara ba su taɓa yi ba.

Ranar sadakar uku na shiga yi wa maiɗakinsa gaisuwa. Na ce mata akwai abin da ke cina: Malam ya tafi bai san na koma sujada ba, ni na ɓoye masa don baƙin hali. Ta share ido, sai na ga tana murmushi.

Ta ce, "Ai ya sani, Alhaji. Kullum in kun dawo daga azahar sai ya ce min yau ma ya ga shatin tabarma a goshinka. Na ce ya yi maka magana, ya ce a ƙyale ka, ranar da ka gaji da rowa za ka zo ka tsaya kusa da shi."

Na yi mata sallama na fito. Da aka kira la'asar na shiga sahun farko, na tsaya a gurbinsa.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya yafe masa, ya yafe min ƙyashin da na yi masa. Duk takun da ya sa na yi, Allah ya zuba masa a mizani. Ya sa mu sake tsayawa kafaɗa da kafaɗa a inda gaɓa ba ta ciwo. Amin.