Clive Trezise Ya Sauko Daga Rufi

Da sassafe, kafin rana ta gasa kwanon rufi, Clive Trezise yakan zauna a bakin gado yana murza gwiwoyinsa har su yarda su ɗauke shi. Matarsa Noelene ta miƙo masa shayi, ya sha a tsaye, ya fita ya ɗaure tsani a bayan tsohuwar a-kori-kurarsa. Haka mutanen garin Warrinda suka san shi tun gashinsa yana baƙi. Yanzu ya doshi saba'in, kuma da wuya ka ga eriyar talabijin a kwarin nan wadda ba hannunsa ne ya kafa ta ba.

Aiki ne da ba a yabo. In hoto ya fito tas, ba mai tuna wanda ya hau. Sai ranar da iska ta karkatar da ƙarfe, ko fararen akun nan masu tukku suka tattauna waya, sannan ake neman Clive, kuma da faɗa ake kira.

Ba ya sauke eriya daga mota sai ya zagaya gida. Ya dubi inda hasumiyar watsa shirye-shiryen talabijin take a kan dutse, ya dubi abin da ke tsakani, ko tudu ne, ko bishiyoyin turare, ko rumfar maƙwabci. Na kan tudu ya ba shi ƙarama. Na cikin kwari ya ba shi doguwa mai haƙarƙari da yawa. Glenys Farrugia mai gidan burodi har yau tana ba da labarin yadda suka kwashe a kan wannan.

"Irin ta Barry nake so," in ji ta. "Ƙatuwar nan."

"Barry a rami yake zaune, Glenys. Ke kuwa daga tagar kicin ɗinki ina hango hasumiya. Ko cokali kika rataya sai ya kama."

"Ni dai ba na so a ce tasa ta fi tawa."

"To koma rami mana."

Ƙaramar ya kafa mata, kuma tana nan tana aiki.

Bara jiri ya fara kama shi. Likita ya ce masa ya daina hawa, ya yi wa Noelene alkawarin cewa daga Kirsimeti ya gama. Ya cika kuwa. Ya jingine tsani a bayan gareji, ya koma ban ruwan tumatir yana hamma.

Sai gobarar daji ta zo a watan Janairu. Ta bar garin, amma ta cinye dutsen da hasumiyar da ke kansa. Duk talabijin ɗin kwarin suka mutu rana ɗaya, aka ce gyara sai bayan watanni. Matasa suka koma kan wayoyinsu. Tsofaffi kuwa suka zauna a ɗakunan da ke warin hayaƙi suna kallon baƙin gilashi.

Doreen Mabbott ba ta buga waya ba, da ƙafarta ta zo. Mijinta Alf, tsohon direban motar katako, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi, kallon wasan kurket, na jifan ƙwallo da bugu da sanda, kaɗai ya rage masa a duniya. Noelene ce ta buɗe ƙofa, tana ganin ta ta san abin da ya kawo ta.

"Doreen, kin san ya daina."

"Na sani, 'yar'uwa. Ba don Alf ba da ban zo ba. Tun da akwatin nan ya mutu ya juya fuska bango. In na kai masa cokali sai ya datse baki."

Clive yana jin su daga ciki. Bai ji wani ƙarfi ya taso masa ba, gajiya ya ji tun daga wuya har tafin ƙafa. Amma ya san akwai wata hasumiyar can nesa wajen teku, wadda siginarta ke ɗan ratsowa ta tsakanin tuddai biyu in an dace da wuri. Ya fito yana neman hularsa.

"Ina kuma za ka, tsohon banza?" in ji Noelene.

"Dubawa kawai zan yi."

"Dubawa daga sama ko daga ƙasa?"

Ya sa hularsa. Ta ɗauko makullin mota ta ce ita za ta tuƙa.

Gidan Mabbott yana ƙarshen hanyar tsakuwa, bayansa duk kututturai ne baƙaƙe. Clive ya hau da doguwar eriya a hannu, na'urar auna sigina a wuyansa. Ya bi rufin nan taki-taki, ya ɗaga, ya juya, ya sauke. Ba komai. Kwano ya ɗau zafi har yana jin sa ta takalmi. A tsakiyar haka duniya ta juya masa. Ya zauna daɓas ya rungumi bututun hayaƙi, ya rufe ido.

"Clive!" Noelene ta ƙwala daga ƙasa. "Sauko, ko in hau in sauko da kai!"

"Hutawa nake."

"Ka huta a ƙasa kamar mutane!"

Ya sauko. Ya sha ruwa a inuwa. Doreen ta ce masa ya bari, ta gode, Alf zai haƙura. Clive yana zaune yana kallon tsohuwar rumfar shanu da ke can saman gangaren gonar, daidai inda tuddan biyu suka rabu. Ya tashi ya ja ƙafa zuwa can. Rufinta gajere ne. Yana ɗaga eriyar sai na'urar auna sigina ta motsa.

Sauran aikin ya ci yinin. Ya kafa dogon ƙarfe ya ɗaure shi da wayoyi don iska, ya sa ɗan akwatin ƙara wa sigina ƙarfi, shi da Noelene suka ja waya a bin shinge har ɗakin Alf. Da ya kunna, hoton ya yi ta yayyagewa, sannan ya tsaya. Ga koren fili, ga fararen kaya.

Alf ya juyo a hankali. Ya kalla ya kalla. Mai jifa ya jefa ƙwallo ta kauce, sai tsohon ya tattaro ƙarfinsa, ya furta kalmarsa ta farko tun ranar gobara.

"Sakarai!"

Doreen ta fashe da dariya, ta ƙare da kuka. Ta ruga kicin ta ɗumamo miya. Alf ya sha, idonsa na kan wasa, ko kallon Clive bai yi ba. Clive ya ce wannan ya ishe shi godiya.

Labari ya bazu. Duk bazarar nan a-kori-kurar ba ta huta ba, Noelene na tuƙi tana mita, Clive na juya eriyoyin tsofaffi wajen teku gida bayan gida. Inda ba za ta kama ba, ya faɗi gaskiya, bai bar kowa ya sayi ƙarfen banza ba. Wata safiya a watan Afrilu, yana tsakiyar tsani, gwiwarsa ta ƙi lanƙwasuwa. Ya daɗe a wurin. Da ya samu ya sauko sai ya ce wa Noelene, "Shi ke nan." Wannan karon ba ta yi masa tsiya ba, ita ta ɗaure tsanin a mota.

Alf ya rasu da shigowar sanyi. Doreen ta ce ya ga wasan ƙarshe na kakar, ya zagi kowa son ransa.

Clive, kai ne ka sha rana a kan rufinmu muna ɗaki muna kurɓar shayi. Kai ne muke kira da faɗa, ka zo ba faɗa. Na Noelene, mai gwiwar da ta ƙare a hidimar mutane, mun makara da godiya, amma ga ta nan. Mun gode.

Har yau ba wanda ya karɓi aikin a Warrinda. Clive ya ce duk mai so ya zo, zai koya masa daga ƙasa, yana zaune a kujera yana nuni da sanda. Masu sauran ƙarfi a ƙafa, ku ji wannan. Iskar makon jiya ta karkatar da eriyar gidansa, kuma tun daga ranar shi da Noelene yagaggen hoto suke kallo. Bai gaya wa kowa ba. Kun dai san gidan.