Yadda Maamobi Ta Cinye Gangar Lauwali

Lauwali ɗana ne na fari, don haka duk tsawon rayuwarsa ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai" nake ce masa, in ba ya nan kuma in ce "yaron nan". Yanzu da ya rasu na ga rubuta sunan bai kai faɗinsa wuya ba.

An haife shi a 1961 a gidanmu na gado da ke unguwar Maamobi a Accra, inda nake zaune da iyalina a sashe ɗaya, yayata Salamatu a ɗayan. Ni koyarwa nake yi a makarantar sakandare. Salamatu kuwa wake da shinkafa take sayarwa a ƙofar gida, abin da duk Accra ke kira wace, da taliya da gari da dafaffen ƙwai da ganda a cikin miya. Daga Kanda har Kotobabi ana tahowa saboda gandarta.

Tun Lauwali yana rarrafe ba a barin murfin tukunya a ƙasa. Ya kaɗa daro, ya kaɗa ƙofa, ya kaɗa bayan ƙanwarsa har ta yi barci. Da ya girma na kai shi koyon walda a Kotobabi, maigidansa ya zo mini da ƙara cewa in yaron nan ya kama guduma sauran ma'aikata rawa suke yi maimakon aiki. Gangunansa na farko da kansa ya haɗa su: bokiti, da gwangwanayen madara, da fedar tsohon keke. Amma abin da ransa ke so shi ne gangunan Bature irin na masu kiɗan hailaif, waɗanda mutum ɗaya ke zama a tsakiyarsu yana bugawa da hannu da ƙafa. A unguwarmu jas ake ce musu.

A 1984 dama ta samu. Dokar hana fita ta kashe kasuwar makaɗan otal, wasu sun tafi Legas, wasu Jamus, kayan kiɗansu kuwa coci-coci ne ke saye. Lauwali ya ji labarin wani tsoho a Adabraka, Mista Lamte, ɗan ƙabilar Ga, wanda ya yi kiɗa a ƙungiyar 'yan sanda kafin ya koma otal, yana da jas tun na zamanin Turawa. Tsohon ya ce ba zai yi ciniki da yaro ba sai da ubansa, shi ya sa na bi shi.

A ɗakin ajiya muka tarar da su, an lulluɓe da tsohon labule. Ƙirar Ingila ce, jikinsu fari mai sheƙi da ya koma ruwan haƙorin tsoho. Akwai babbar ta ƙafa, wadda yaro zai iya kwanciya a cikinta, da ƙarama mai wayoyi a ƙarƙashi, da biyu matsakaita, da fayafayan tagulla da suka yi kore. Lauwali bai taɓa sandar kiɗa ba tukuna. Ya ƙwanƙwasa jikin kowace da gaɓar yatsa yana kara kunne. Ya kwance zoben katako na babbar ya gangara shi a kan siminti don ya ga ko ya karkace. Ya cusa kansa ciki ya shinshina ko gara ta shiga. Da ya fito da kai, fuskarsa duk yanar gizo, yana dariya shi kaɗai.

"Baba, ƙwan lantarki ne a ciki!"

Mista Lamte ya iya Hausar bariki. Ya ce, "To da me kake so a gasa shi? Wannan ba roba ba ne kamar na yaran yanzu. Fata ne. Ruwa ya zo, shi ya kwanta. Ka kunna wuta, shi ya tashi."

Matsala ɗaya ce. Fatar gaba, wadda aka zana wa bishiyar kwakwa da jirgin ruwa, lafiyarta ƙalau. Ta baya, inda feda ke duka, ta yage daga sama har ƙasa.

Ba mu daɗe a kan farashi ba, don ba shi ne damuwar tsohon ba. Wani fasto ya riga ya taya, kuma ya fi mu ƙarfi. Sai dai Mista Lamte ya ce yaran cocin roba za su sa, shi kuwa gara ya ga an yi itacen girki da ita. Ya kafa sharaɗi: Lauwali ya ɗauka, ya sa fata da hannunsa, Asabar ɗin ƙarshen wata shi zai zo Maamobi ya saurara. In muryar ta yi masa, ganguna sun zama na Lauwali. In ba ta yi ba, Lahadi da safe suna coci.

A amalanke muka kawo su, Lauwali yana gaba yana ja da baya-da-baya don kada ya ɗauke ido daga kansu. Sau biyu ya kusa faɗawa kwata. Da muka shigo layinmu mata suka fito suna guɗa, don sun zaci kayan lefe ne.

Salamatu ta tsaya da ludayi a hannu ta ce, "Lauwali, wannan ƙatuwar fa? Ta dafa wake ce ko ta wanka?"

"Gwaggo, amaryata ce."

"To Allah ya ba ku zaman lafiya. Amma in ta yi kuka da asuba, ni da ita ne."

Samun fatar shi ne aiki. A Accra ba a barin fata ta zama fata, babbake ta ake yi a ci, balle a waɗancan shekarun na yunwa. Lauwali ya zaga kasuwar Tudu, ya zaga tashar masu zuwa daga arewa, sai da wata ya kusa ƙarewa sannan wani direba ya kawo masa ƙirgin maraƙi daga Bawku, an kankare gashin tas, ba tabo ko ɗaya. Ya ɗaga shi a rana yana nuna wa kowa yadda haske ke ratsa shi.

Busasshen ƙirgi ba ya naɗuwa a zobe sai ya sha ruwa ya yi laushi. Ran Litinin da yamma ya yanka shi daidai faɗin gangar, ya sa a babban daro, ya cika da ruwa, ya ajiye a gindin famfo. Daron na Salamatu ne. Gindin famfon kuma nan ne mahaucinta ke ajiye mata ganda duk ranar da ya samu, a jiƙe, in ya tarar ba ta nan.

Talata da safe layin masu sayen wace ya kai har kwanar masallaci. Labari ya bazu cewa Salamatu ta sami ganda, bayan an daɗe ba a gan ta ba. Ni ma na ci kafin in tafi makaranta, kuma gaskiya ban taɓa cin mai taushinta ba. Lauwali ya fito yana miƙa, ya karɓi nasa a ganye, ya cinye, ya miƙa hannu aka ƙara masa.

"Gwaggo, gandar yau ta daban ce."

"Ai kai dai bari. Ko kankara ban yi ba. Fara sol, kamar an wanke da sabulu. Har yankan ma an yi mini shi zagaye, kamar faifai."

Lauwali ya daina tauna. Ya dubi gindin famfo. Daron yana nan a kife, an wanke shi.

"Gwaggo, kamar me kika ce?"

"Kamar faifai."

Ya tafi a hankali ya ɗaga daron, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya mayar. Sannan ya zauna a kai, da ganyen a hannunsa.

"Baba," ya ce da ni, "mun cinye ta."

Wani ɗan turoturo, wato yaron motar haya, da ke tsugune yana ci shi ya fara dariya, har shinkafa ta sarƙe shi. Daga nan ta kama layin gaba ɗaya. Wani ya bugi cikinsa ya ce a yi shiru a ji ko za ta amsa. Wata tsohuwa ta ce ita dai ta biya, ba kuma za ta mayar ba. Lauwali ma dariyar yake yi, amma hawaye na zuba, kuma na san ba duka ne na dariya ba. Asabar ta matso, Bawku kuwa ba nan kusa ba ce.

Salamatu ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ludayi, ta kwance zaninta ta sake ɗaurawa, ta ce wa uwar Lauwali ta tsare mata tukunya. Ban taɓa ganin ta bar tukunya da ciniki a kai ba sai ran nan.

Mayanka ta nufa. Waɗanda suka gani sun ce ta tarar ana shirin ɗora fatar wani maraƙi a wuta, ta fizge ta daga hannun mai babbaka, ta ce wa mahauta shekara da shekaru tana sayen ƙonanniya a wurinsu, yau ɗanya take so, wanda kuma bai yarda ba ya zo ya ƙwata. Da azahar ta shigo gida da fatar a ka, ƙudaje na bin ta kamar 'yan rakiya.

Saura gashi. In da toka za a cire shi, sai ya kwana da yawa a jiƙe, lokaci kuwa babu. Salamatu ta aika a kira Alu wanzami. Ya zo da zabirarsa yana tsammanin suna ne, ya tarar an baje masa fatar maraƙi a kan ƙyauren da aka cire.

"Hajiya, ni kan mutane nake askewa."

"Kan mutane nawa ka aske da ba su kai maraƙin nan hankali ba? Zauna."

Ya zauna. Ya wasa aska, ya shafa sabulu, ya aske fatar nan tas ba tare da ya yanke ta ko sau ɗaya ba. Da ya gama, don sabo, ya ɗaga wa fatar madubi.

Lauwali ya kankare cikin, ya naɗa ta a zobe da bayan cokali, ya ɗora a kan gangar, ya ɗaure kusoshin sama-sama, wannan sannan na daura da shi, don kada ta ja gefe ɗaya. Sai jiran bushewa. A daidai nan ruwan sama, wanda aka yi shekara ana roƙo, ya ga dama ya sauko. Lantarki kuma ana rabonsa ne a lokacin, unguwarmu ba ta cikin masu samu a makon, don haka ƙwan da ke cikin gangar ba shi da amfani.

Salamatu ta ce a kawo ta rumfarta. Aka girke gangar a kan benci kusa da murhu, ba can kusa ba don kada ta tsage. Lauwali yana juya ta, gwaggonsa tana rage wuta ko ta ƙara, tana taɓa fatar da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin jariri. Masu sayen wace suka riƙa gaida gangar. Duk wanda ya matso da yawa, Salamatu ta nuna shi da ludayi: "Wannan ba ta ci ba ce."

Ran Asabar da hantsi Mista Lamte ya iso cikin kwat da lema. Lauwali ya jera gangunan a tsakar gida: ya kafa babbar da duwatsu don kada ta gudu, ƙarama tsakanin gwiwoyinsa ta ɗan karkata, fayafayan da ya goge da lemun tsami suna walƙiya. Rabin Maamobi na kan katanga.

Tsohon bai bar shi ya fara ba. Ya tsuguna da ƙyar, ya danna tsakiyar fatar da babban yatsa. Ya ce Lauwali ya taka sau ɗaya.

Ya taka. Ba ƙara ce mai tsini ba. Wata murya ce mai kauri da ta fito a hankali ta bi ƙasa, na ji ta a ƙirjina kafin in ji ta a kunne, kwanukan Salamatu suka amsa daga kan kanta.

Mista Lamte ya matso da hancinsa, ya shinshina, ya sake shinshinawa.

"Wannan ganga yana warin miya."

Salamatu ta gyara tsayuwa ta ce, "Ƙamshi dai, Baba."

Sai aka ba shi labari. Ya yi dariya har aka kawo masa kujera da ruwa. Da ya dawo hayyacinsa ya ce a ba shi sanduna, ya ture Lauwali, ya zauna ya saki wani tsohon hailaif. Alu wanzami ya faɗa fili. Salamatu ta bi shi da ludayinta. Can tsohon ya tsaya cak, ya miƙa wa Lauwali sandunan, ya ce fasto ya je ya sayi roba.

Shekara goma sha uku Lauwali ya yi yana kaɗa gangunan nan, a bikin aure da suna, da otal bayan an ɗage doka, da rana kuma yana waldarsa. Sunan da aka sa masa a unguwa Ganda, kuma yana amsawa. Ya rasu a 1997 bayan gajeriyar rashin lafiya, ya bar mata da 'ya ɗaya, Zelia. Allah ya jiƙansa.

An zo sayen gangunan ba sau ɗaya ba, ban sayar ba. Suna ɗakina, kuma fatar nan ta Salamatu ce har yanzu a jikin babbar. In damina ta yi nisa takan saki. Salamatu ta tsufa, ta bar sana'a, amma takan leƙo ta ce, "Malam, amaryar yaron nan ta ji sanyi." Sai in ɗauko ta in kai bakin murhu, mu zauna muna juya ta. In ta ɗumama, Salamatu ta ƙwanƙwasa da yatsa, mu saurara, sannan in mayar da ita.