Langar da Ba Ta Fashewa

Ranar Juma'ar farko bayan Sallar Layya ce, a shekarar da na cika takwas, lokacin Turawa ba su daɗe da buɗe kanti a Sakkwato ba. Ina dawowa daga tallan furar Inna, saura dunƙule uku a ƙwaryata, sai na ji kalangu a bakin kantin, mutane sun yi cincirindo. Ni kuwa tun ina ƙarama ban iya wuce taro ba, sai na kutsa ta tsakanin ƙafafun manya har na ɓullo gaba. Wani dogon mutum ne ɗan ƙasarmu, yaron kanti, riƙe da langa, wato kwanon ƙarfe mai farin fenti da jajayen furanni. Ya ɗaga ta ya ce, "Ku taho ku gani. Ƙwarya na hwashewa, tukunya na hwashewa, wagga ko har jikokinku su ci tuwo cikinta." Ya cilla ta sama, ta yi juyi biyu ta faɗo ƙasa tim. Ya ɗauka ya kaɗe, ya zagaya da ita gaban kowa, ko ƙwarzane babu. Na tsaya baki buɗe har aka yi ta sau huɗu, na manta da sauran furar.

Talla ba baƙon abu ba ne a wurina, don kullum ni ma ina yi. Sai dai namu, abin da kake kira shi ne a kanka, mai saye ya buɗe faifai ya duba, in ya ga dama ya ɗanɗana. Wannan kuwa talla ne mai bin mutum gida. Kafin sati ya zagayo, mu yara mun bar wasan 'yar carafke mun koma cilla sakaina sama muna kwaikwayon muryar yaron kanti, mata kuma sun sa maganarsa cikin waƙar daka. Sai uwar Balki, maƙwabciyarmu, ta sayi langa guda. Da mu da su gero ɗaya muke saya, a turmi ɗaya ake kirɓa furar, amma daga ranar da Balki ta fito da langa a ka, masu saye suka koma kiranta, har da wani tsohon maɗinki da ya shekara yana shan furarmu. Wai ta cikin langa ta fi daɗi. Na yi ta mamakin yadda fenti ke shiga harshen mutum.

Inna ta jure kwana goma ina dawo mata da kwantai, sannan ta ce za a sayar da akuyata a sayi langa. 'Yar Ja ke nan, jar akuyar da Kaka, mahaifiyar babanmu, ta ba ni ranar da aka kai ni makarantar allo. Ni ke yi mata ciyawa a bayan ganuwa, ni ke tara mata ƙasari da dusa, kuma in na dawo talla tun daga zaure take gane tafiyata ta fara kuka. Kaka ba ta yarda ba. "Ki bari langar ta shekara gidan su Balki, sannan mu tai mu gane ta," in ji ta. Inna ta ce, "Iya, kahin shekara ai masu sayen hurata sun ƙare komawa can." Aka tsayar da magana a kan Juma'a mai zuwa. Gaskiya ni ma ina son langar, amma da na tuna 'Yar Ja za a ja da igiya sai na tafi wurinta na ƙara mata dusa.

Abin da ya hana ni sakat shi ne ƙarar faɗuwar langar. Na san ƙarar ƙarfe in ya bugi ƙasa, don na sha yar da wuƙar Inna na sha faɗa, wannan kuwa tim kawai take yi. Ranar Laraba na fita da fura tun hantsi bai ɗaga ba, na bi ta bakin kanti kafin mai kalangu ya zo. Na tarar da wani dattijo da jakinsa yana juye yashin gulbi a wani rami mai faɗi, daidai inda ake cilla langar, ya baje shi, ya barbaɗa jar ƙasa a kai ya bi da tsintsiya. Na gaishe shi na ce, "Baba, mi za a ginawa nan?" Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Ba gini na ba, ɗiyata, shimhiɗar langa ta. Kullum ni ka gyara mata wurin kwanciya."

Na sheƙa gida da gudu na gaya wa Inna. Tana tsakiyar kirɓi, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce in daina yawon da ba a aike ni ba. Nan ne fa rashin haƙurina ya motsa. Da la'asar Balki ta shigo da langarta ta wanke tana ƙyalli, na ce ta ara mini in gani. Na kira Inna, na kira Kaka, na tsaya kusa da dutsen niƙa, na maimaita maganar yaron kanti har da irin muryarsa, na cilla langar sama. Ƙarar da ta yi a kan dutsen sai da kaji suka watse. Gindinta ya lotsa, fentin ya ɓantare kamar ɓawon ƙwai, baƙin ƙarfe ya fito fili. Na juya ina kallon Inna cike da murna, ina jiran ta ce na yi gaskiya. Sai na ji Balki ta fashe da kuka, sannan na tuna langar ba tamu ba ce.

Inna ba ta dake ni ba, da ma dukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki mayafi ta shiga gidan su Balki ta ba da haƙuri. Ranar Juma'a babanmu ya ja 'Yar Ja zuwa kasuwa, tana waiwayena har suka sha kwana. Sabuwar langa ta tafi gidan su Balki, lotsattsiyar ta dawo gidanmu. Daga baya na ji cewa kantin nan shi ne mai sayen fatun jajayen awaki, na kwana biyu ban iya bi ta ƙofarsa ba. Kafin damina ta fita tsatsa ta huda langar tamu. Muka kai wa gyartai, mai ɗinke mana ƙwarya in ta tsage, ya jujjuya ta ya ce shi bai ga inda zai sa basilla ba, ta koma abin kwasar toka. Ta su Balki ma ba ta kai Sallar Layya ta biyu ba. Ranar da muka ji, Kaka ta kama kunnena a hankali ta ce, "Gaskiya kig gano, Kulu, haƙurin jira na ba ki da. Da kin bari da ta hwaɗi da kanta."

Yanzu ba a bukatar kalangu. Talla na shigowa ɗaki ta rediyo da talabijin, ga manyan alluna jere a hanyar Kalambaina, jikokina da ke unguwar Minanata sun haddace waƙoƙinsa fiye da karatun allo. In ɗayarsu ta zo tana rawar jiki a kan wani man shafawa ko wani injin da ta gani, ba na hana ta. Nakan ce ta fara nemo wanda ya baje yashin, sannan ta je gidan da abin ya shekara ta duba. Suna dariya, wai Kaka da yashinta. Ɗakina cike yake da langa yau, har da waɗanda ban taɓa buɗewa ba, amma in na ji kukan akuya a zauren wani sai na tsaya. Da a ce za a karɓi langunan nan duka a dawo mini da 'Yar Ja, da ni zan kai su da kaina.