Katakon Bayan Komod

Shekarar da fari ya cinye shanunmu, sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, Baba ya sauka gidana a Yamai da buhu ɗaya da buta. Daga ƙauyenmu na arewacin Tawa ya zo. Wata uku yana zaune ƙarƙashin dogon yaro, in ka gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Ni ne ɗansa na fari, kuma a wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya zauna hira da shi. Na san da haka tun ina ƙarami, amma sanin bai taɓa hana ni son ya dube ni ba.

Ina aikin akawu a wani ofis a unguwar Filato. Wani Bature mai rabon hatsin taimako zai koma gida, sai ya bar mini komod, wato akwatin tufafi mai aljihu huɗu, sabo fil a kwalinsa, ba a ko haɗa ba. Na ce yau Baba zai ga ɗan da ya kai lakkwal, makarantar boko, ba alƙalami kaɗai ya iya riƙewa ba. Na baje katakan a tsakar gida, daidai inda zai gani, na bi hotunan takardar da ta zo da shi har la'asar.

Da na tsayar da abin sai ya kama rawa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Na cusa kwali ƙarƙashin ƙafa, na ƙara murfin kwalba, duk a banza. Ka ja aljihu ɗaya, komod ɗin gaba ɗaya ya karkata.

Ana haka sai maƙwabcina ya leƙo, wani malamin lakkwal ɗan Maradi, mai bakin da ba ya hutawa. Ya zagaya abin sau ɗaya ya ce, "Maigida, ina katakon baya?"

Akwai wani fallen katako sirit da na ɗauka marufi ne kawai. Tuni na ba matata ta shimfiɗa ƙarƙashin buhun gero saboda gara, don a shekarar nan gero ya fi komai daraja. Ashe shi ne ke riƙe abin kada ya karkace.

Muka zaro shi. Malam na neman yadda zai daidaita kusurwoyi, sai na ga Baba ya miƙe. Ya kwance igiyar guga, ya ɗaure komod ɗin a gicciye, ya ja har ya tsaya cak.

"Buga yanzu, ɗana," in ji shi.

Ba da ni yake ba. Malam ya buga ƙusa, ya bugi yatsansa, ya yi tsalle yana yarfe hannu, Baba ya tuntsire da dariya har da hawaye. Ni kuwa ina tsaye riƙe da takarda.

Daga ranar, kullum la'asar Baba yana ƙofar gidan malam. Ta katanga nake jin yana ba shi labarin shanunsa ɗaya bayan ɗaya, har da inda kowace ta faɗi. Malam bai yi mini laifin komai ba, amma gaisuwarsa ma haushi take ba ni.

Wata Asabar na shiga ɗaki na zare ƙusoshi huɗu daga katakon bayan, na girgiza komod ɗin har ya koma rawarsa. Na ɗauko guduma da igiya, na fita wajen Baba.

"Baba, abin nan ya sake kwancewa. Ko za ka riƙe mini in buga?"

Ya shigo, ya dafa shi, ya duba ramukan ƙusoshin ya daɗe. Bai dube ni ba.

"A bari malam ya dawo," ya ce, ya koma inuwarsa.