Hannun da ɗiyata ta riƙe

Ni da taubashina, ɗan kawuna, benci ɗaya muka zauna a sakandare a Gummi, kuma ni ke ba shi amsar lissafi. Babana ya rasu, na komo Adabka, ga noma ga kabu-kabu. Shi ya wuce jami'a. Wai bincike yake kan yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun a ciki, a jikin ɓeraye. Ɓeran da muke kashewa a rumbu, shi ake biyansa ya yi kiwo.

Ɗiyata ta fari, uwarta ta yi jegonta a gidansu, a Tungar Guru, shekarar da gubar dalma ta kashe yara. Ta rayu, amma ba ta magana, kuma ban da uwarta ba mai taɓa ta. Ni da na haife ta, in na miƙa hannu sai ta noƙe.

Wata Sallah, yarinyar tana ƙarama, taubashina ya zo gaida Inna, uwata.

"Sarkin ɓeraye, an iso?" na ce.

"An iso, direban jaki mai taya biyu."

Inna ta tambaye shi me yake yi da ɓera. Ya zauna bakin tabarmarta, ya ce ƙwayoyin da ke gina ƙwaƙwalwa riƙe juna suke yi da wani furotin mai danƙo, da riƙon ne kowace ke sanin samanta da ƙasanta. In riƙon ya kwance, sai jeri ya watse. Ya sarƙe yatsunsa yana nuna mata.

Yarinyar na raɓe jikin zana tana kallo. Sai ta tako, ta cusa yatsunta cikin nasa, ta damƙe. Inna ta fara hawaye.

"Abin da dalma ta ɓata ke nan?" na ce.

"Ban sani ba, taubashi. Ba nan bincikena ya nufa ba."

Bai sani ba, amma shi ta riƙe har la'asar. Da hagu ya sha fura.

Ni na kai shi tasha a babur. Na bi da shi ta hanyar kwazazzabo, ban kauce wa rami ko ɗaya ba, yana ta salati a bayana.

Da na dawo na tsuguna gaban yarinyar, na sarƙe yatsuna yadda ya yi. Ta dube su, ta dubi ƙofar da ya fita.